Tseren Babur: Titi Ba Fagen Sukuwa Ba Ne

Wata al'ada ta shigo ƙasar nan da ƙafar hagu, tana kuwa neman zama da gindinta, watau tseren da samari ke yi da babura a kan hanyar da kowa ke bi. Duk wanda ke zaune a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Ɓaɓura, ba ya bukatar a ba shi labari. Ran da aka ɗaura aure, ko za a kai amarya, ko da yammacin Salla bayan an sauko daga hawa, sai ka ji ƙara ta cika gari. Yara goma ko ashirin sun jeru, wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya kwanta rub da ciki bisa sirdi, wani ya saki hannu biyu, wani kuma ya goya mutum uku. Kai babu hular kwano, ƙafa kuwa sai silifa. 'Yan kallo su yi ta shewa. In an wanye lafiya a ce wane gwani ne, in kuwa an yi rashin sa'a a ce kwana ne ya ƙare.

Ba muna zagin babur ba ne. A ƙauyukan Roni da Gwiwa shi ne jakin zamani. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai malami makarantar da mota ba ta zuwa da damina. Ko da Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a watan Janairu na 2013, ƙauye bai rabu da shi ba, ba kuwa zai rabu da shi nan kusa ba. A zamanin En'e, keken rubutun da ba shi da haruffa masu ƙugiya yakan buga sunan garin Ɓaɓura kamar jam'in babur. To, yau abin wasa ya kusa zama gaskiya, gama babu garin da babura ba su cika ba. Tun da abin ya zama namu, tilas mu san yadda za mu yi da shi, da kuma yadda za mu yi da yaran da jininsu ke tafasa idan sun hau shi.

Mutane sun kasu biyu kan wannan magana. Waɗansu sun ce a hana kawai, a kama, a ci tara. Waɗansu kuwa, musamman samari masu kallon tseren Turai a waya, sun ce a yi musu gasa irin ta can, a huta. Kafin mu faɗi namu ra'ayi, ya kamata mu duba yadda Turawan suke tafiyar da tasu gasa ta yara, da abin da ya same su a shekarar 2021, don wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Yadda Ake Gasar Yara A Turai

Hukumar da ke kula da wasan babur a duniya, wadda ake kira FIM, an kafa ta tun 1904, ta kuma fara gasar duniya a 1949. A ƙarƙashin babbar gasar akwai ƙanana na yara, waɗanda suke kamar firamare da sakandare ga mai son kai wa jami'a. Wadda ta fi suna ita ce Red Bull MotoGP Rookies Cup, da aka fara a 2007.

Ga yadda take. Kowace shekara akan gayyaci yara daga ƙasashe dabam dabam a gwada su, a zaɓi waɗanda za su shiga gasar. Baburan duk iri ɗaya ne, ƙirar kamfanin KTM, na masu gasar ne, ba na yaran ba. Saboda haka ɗan mai kuɗi ba ya iya sayen nasara da inji mai ƙarfi, hannu da hankali kaɗai ke raba gardama. Ba a tsere ɗaya a ce an gama. A 2021 an yi tsere 14 a ƙasashen Fotugal, da Sifen, da Italiya, da Jamus, da Ostiriya, tun daga watan Afrilu har Satumba. Wanda ya zo na ɗaya a kowane tsere yana samun maki 25, na biyu 20, na uku 16, haka ake ta ragewa har na goma sha biyar mai maki ɗaya. Wanda ya faɗi bai ƙarasa ba kuwa ba shi da ko ɗaya.

Malaman makaranta za su gane hikimar wannan lissafi da sauri. Yaron da ya yi na uku sau biyu yana da maki 32, wanda ya ci ɗaya ya faɗi a ɗaya kuwa 25 ke gare shi. Ashe tsarin kansa yana koya wa yaro cewa isa gida lafiya ya fi burgewa ta rana ɗaya. A wannan shekara David Alonso, mai wakiltar ƙasar Kolombiya, shi ya ɗauki kofin, ya kuma zama zakaran duniya na ajin Moto3 a 2024. Kafin shi Jorge Martín na Sifen ya ci kofin a 2014, ya zama zakaran babbar gasa a 2024. Har ɗan nahiyarmu, Brad Binder na Afirka ta Kudu, ta wannan makaranta ya bi, ya zama zakaran Moto3 a 2016, ya kuma ci tsere a babban aji a 2020.

Akwai abin da masu kallo a waya ba su lura da shi ba. Ko da yake Turawa na kiran wasan tseren hanya, ba a kan hanyar jama'a ake yinsa ba. Fili ne da aka shimfiɗa wa kwalta musamman, aka kewaye shi. Kowa gaba ɗaya ya nufa, babu mai zuwa ta gabanka. Babu akuya, babu amalanke, babu yaro mai talla. A bakin kowace kwana an bar sarari an zuba tsakuwa, don wanda ya zame ya sami wurin tsayawa. Akwai mutane tsaye da tutoci: ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari gaba, kada ka wuce kowa, ja kuwa na nufin an tsai da tsere. Akwai likitoci da motocin asibiti a bakin fili. Yaron kansa yana sanye da hular kwano mai rufe fuska, da rigar fata tun daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da takalmi mai tsawo. Ko a tsibirin Isle of Man, inda tun 1907 ake tsere bisa hanyar gari, sai an rufe hanyar gaba ɗaya, manya ne kuma ke yi. Duk da haka mutum fiye da 250 sun mutu a can, an kuma cire wurin daga gasar duniya bayan 1976.

Abin Da Ya Faru A 2021

To, jama'a, duk da wannan tanadi, shekarar 2021 ta zama shekarar makoki gare su. A ƙarshen watan Mayu, Jason Dupasquier, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 19, ya faɗi a filin Mugello na Italiya. An ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti, kashegari ya cika. A ranar 25 ga Yuli, Hugo Millán, yaro ɗan shekara 14, ya mutu a filin Aragon na Sifen a gasar yara ta European Talent Cup. A ranar 25 ga Satumba kuma, Dean Berta Viñales, ɗan shekara 15, ya mutu a filin Jerez. Mutum uku cikin wata huɗu.

Abin lura shi ne, dukansu uku hanya ɗaya ajali ya bi ya same su. Faɗuwa suka yi a tsakiyar fili, na baya da ke biye da su suka bi ta kansu. Dalili kuwa, idan babura ƙarfinsu ɗaya ne, sai su riƙa tafiya a dunƙule kamar garken tumaki, na baya yana fakewa da na gaba don iska ta rage masa. In na gaba ya faɗi, na baya ba shi da lokacin kaucewa. Rigar fata tana kare mutum daga gogar kwalta, amma ba ta kare shi daga babur mai gudu.

Hukumar ba ta ce kwana ne ya ƙare ta yi shiru ba. A watan Oktoba na wannan shekara ta fito da sababbin dokoki. Ta ɗaga shekarun shiga ƙananan gasa daga 12 zuwa 13 a 2022, sa'an nan 14 a 2023. Ta ɗaga na shiga gasar duniya daga 16 zuwa 18 tun daga 2023, in ban da zakarun gasar yara da aka yi wa ɗan sassauci. Ta rage yawan baburan da ke tashi tare, kada su wuce 30 a ƙananan gasa. Ta kuma tilasta sa riga mai jakar iska, wadda ke kumbura da kanta idan mutum zai faɗi.

Yanzu sai mu tambayi kanmu. Idan ɗan shekara 14 da aka horar tun yana ƙarami, yana sanye da kayan kariya, likita na tsaye kusa, ya iya mutuwa don na baya ya taka shi, ina ga yaronmu da ke tsere cikin ayarin amarya a hanyar Kazaure zuwa Daura, ga tirela ta taho, ga rami, ga duhun magariba? Irin tafiya a dunƙule da ta kashe waɗancan ita ce daidai yaranmu ke yi ranar biki, sai dai su ba su da ko ɗaya daga cikin abin da waɗancan ke da shi.

Lissafin Da Ya Kamata Kowane Ɗalibi Ya Sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29. A bayaninta na 2018 ta ce sa hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuwa da kashi 69.

Ga wani lissafi kuma da ba sai an je Turai ba, allo da alli sun isa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 a kowane sakan, mai gudun kilomita 100 kuwa mita kusan 28. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta faɗa wa ƙafa ta taka birki, sakan ɗaya ya wuce, waɗannan mitoci sun tafi. Bayan an taka birkin kuma, in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu. Wanda ya yi karo da bango yana gudun kilomita 50, kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 10, watau bene hawa uku. In yana gudun 100, kamar daga mita kusan 40 ne. Babu uban da zai bar ɗansa ya yi tsalle daga saman bene don a yi wa amarya kara, amma ga shi muna miƙa musu makulli da hannunmu.

Ra'ayinmu

Ba mu tare da masu cewa a kawo tseren gudu na yara irin na Turai. Ba mu da filinsa, ba mu da kayansa, asibitocinmu kuma suna da aikin da ya ishe su. Masu abin ma ja da baya suke yi wajen shekaru. Amma kuma ba mu tare da masu cewa hani kaɗai ya isa. Mun ga yadda aka yi da dokar hular kwano da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairu, 2009. Har a kafofin labarai na ƙasashen waje aka ba da labarin 'yan acaɓar Kano da suka kifa ƙwarya a ka don su wuce ma'aikata. Dokar da mutum bai ga amfaninta ba, dabara yake nema mata. Kuma yaro mai son a san da shi, in ka hana shi nan sai ya ɓullo can, inda babu idon kowa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin babur ya zo. Sun san saurayi na son gudu, suka yi masa sukuwa, amma suka ba ta fili da lokaci da shugaba. A ranar hawan Salla kowane hakimi yana da gurbinsa a jere, ba mai tsallake wani. Yaro ƙarami in an ɗora shi bisa doki, akwai zagi riƙe da linzami. Ba a taɓa jin mutumin kirki ya saki doki a guje cikin kasuwa an ce masa gwani ba. Abin da muke nema shi ne a yi wa babur irin ladabin da aka yi wa doki. Ga shawarwarinmu guda huɗu.

Na ɗaya, a raba tsere da hanyar jama'a, ko da biki ko babu. Wannan aiki ne na hakimai da dagatai da masu unguwanni kafin ya zama na ɗan sanda, gama su suka san gidan da za a yi biki. Muna roƙon majalisar Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu, wadda Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ke ƙarƙashinta, da majalisar Masarautar Ringim wadda Ɓaɓura ke ciki, su sa bakinsu. A faɗa wa waliyyin ango tun wajen ɗaurin aure cewa abin da abokan ango suka yi a hanya yana wuyansa.

Na biyu, wanda bai kai shekara 18 ba kada ya hau titi da babur. Wannan ba sabuwar doka ba ce, ita ce shekarar da ake ba da lasin a ƙasar nan. Uban da ya ba ɗan shekara 13 makulli ya sayo masa kati ko cefane, shi ya fara karya ta.

Na uku, a shirya wa samari gasar gwaninta kowace shekara bayan an gama aikin kaka. A yi ta zango huɗu, ɗaya a Kazaure, ɗaya a Roni, ɗaya a Gwiwa, ɗaya a Ɓaɓura, a filin ƙwallo da aka kewaye da igiya, 'yan kallo can nesa. A ari abin da ke da kyau a tsarin Turai, a bar musu gudun. Babura su zama aji ɗaya, irin ƙananan da ake aiki da su kullum. Mutum ɗaya ke shiga fili a lokaci guda, agogo ne abokin takararsa, don kada wani ya taka wani. A gwada wanda ya fi tafiya a hankali bai sa ƙafa ƙasa ba, da wanda ya fi tsayawa daidai kan layi, da wanda ya ratsa tsakanin tayoyi bai taɓa ko ɗaya ba, da wanda ya ɗauko bokitin ruwa a baya bai zubar ba. A haɗa da gyara: yin faci, da ɗaure sarƙa, da gyaran birki. Yaran da ba su kai 18 ba su yi tasu da keke, su kuma shiga ɓangaren gyara. Ba mai shiga sai da lasin da hular kwano, sai an duba birkinsa da tayarsa, sai kuma ma'aikacin lafiya ya tabbatar bai sha ƙwaya ba. A tara maki har ƙarshen zango na huɗu. Duk wanda aka kama yana tsere a titi tsakanin zango da zango, a share makinsa duka. Wannan doka ta ƙarshe ita ce gishirin miyar, gama da ita gasar za ta bi yaro har hanyar gidansu.

Masu duba injuna da alƙalai ba su da nisa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, ga tsofaffin makanikai da shugabannin 'yan acaɓa a kowace tasha.

Na huɗu, a riƙa rubutawa. Turawa sun gyara dokarsu ne don sun san wa ya mutu, yana shekara nawa, ta yaya. Malaman ofisoshin ƙananan hukumomi su ne magadan malaman En'e, waɗanda a zamaninsu ko keke sai da lamba, kuma kowace lamba tana cikin littafi. Ba zai gagare su ba su buɗe littafi ɗaya a kowace gunduma, a rubuta kowane haɗarin babur, da wurin, da ranar, da shekarun mai tuƙi, da ko yana sanye da hula. Bayan shekara ɗaya littafin da kansa zai nuna kwanar da ke cin mutane da watan da abin ya fi yawa.

Mun san za a ce makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ta ga kuɗin wasan babur. Amsa ita ce, igiya da tsofaffin tayoyi da agogo ba su kai kuɗin jinyar karaya ɗaya ba, kyautar zakara kuwa hular kwano da taya sabuwa sun isa. Za a kuma ce gasar za ta ƙara wa yara son babur. Ai son ya riga ya kama su, abin da ya rage shi ne wa za su ɗauka gwani, mai ɗaga ƙafar gaba a kasuwa ko mai tsayawa kan layi a gaban hakimi. Waɗansu kuma za su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, amma mai wannan magana da kansa yana kulle ƙofarsa da dare, yana kuma kai ɗansa rigakafi.

Ku malaman makaranta, nauyin farko a kanku yake, don ku ke ganin yaron da ya zo makaranta da babur kafin kowa ya gan shi. Ku kira ubansa ku yi masa magana cikin mutunci. Ku sa lissafin birki cikin darasin wannan mako, ku fita da yara fili ku auna musu mita 28 da ƙafa, su gani da idonsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata kafin kaka mai zuwa mu ji wata ƙaramar hukuma daga cikin huɗun nan ta fara. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.